Yadda Za Ka Bi Diddigin Gadon da Aka Bar Maka Kana Yaro

Galibi ba takarda ce ke fara kawo labarin ba, baki ne. Ana cikin hira sai wata gwaggo ta dube ka ta ce, "Ai da abin da kakarka ta bar maka kaɗai ya isa ka yi karatun nan ba tare da cin bashi ba." Kai kuwa ba ka taɓa jin zancen ba. Ka koma ka tambayi mahaifinka ko mahaifiyarka, aka ce maka "an yi maka hidima da su", ko "wa ya faɗa maka?", ko kuma aka yi shiru aka kawo wata magana. Daga ranar nan hankalinka ya rabu biyu. Kana son sanin gaskiya, kana kuma jin tsoron a ce ka tuhumi wanda ya haife ka.

Neman lissafin dukiyarka ba rashin kunya ba ne. Duk wanda ya riƙe dukiyar yaro, riƙon amana ya yi, ko da shi ya haifi yaron, kuma ɗan amana ana tambayarsa lissafi. Sai dai inda mutane da yawa suke tuntuɓe shi ne su fara da zargi kafin su samu takarda ko ɗaya a hannu. Tambayoyi uku ne a gabanka, kuma a jere suke: nawa aka bari, a hannun wa aka sa shi kuma bisa wane sharaɗi, sannan ina ya tafi. Wanda ya tsallake biyun farko ya faɗa ta uku, rigima zai samu, ba amsa ba.

(Ina cewa "kai" ne don sauƙin magana. Ke ma da ke nake.)

Mataki na 1: Raba abin da ka sani da abin da ka ji

Samu littafi guda ka keɓe wa wannan aiki. Rubuta cikakken sunan mamacin, da duk yadda ake rubuta sunan a takardu daban-daban, domin harafi ɗaya kan ɓatar da fayil. Rubuta ranar rasuwarsa, inda ya rasu, inda yake zaune, inda ya yi aiki, da shekarunka a lokacin.

Sai ka kasa bayananka gida uku: abin da ka gani da idonka a takarda, abin da wanda ya halarci rabon ya faɗa maka, da abin da yake jita-jita kawai. Kowane bayani ka sa sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Ka tanadi takardar haihuwarka, katin shaidarka, da takardar shaidar rasuwar mamacin, domin kusan duk ofishin da za ka je sai an neme su.

A wannan matakin ka yi shiru da bakinka. Magana in ta yaɗu a dangi kafin ka tattara hujja, takardu kan yi ɓatan dabo, shaidu kuma su fara mantuwa.

Mataki na 2: Gano ƙofar da dukiyar ta bi

Kalmar "gado" tana rufe abubuwa da yawa, kuma kowanne da inda yake barin sawu.

Idan kaso ne daga rabon gado ko daga wasiyya, sawunsa yana kotu ko wurin waɗanda suka yi rabon. Idan kuɗin inshorar rai ne, ko fansho, ko haƙƙin ma'aikaci da ya rasu a bakin aiki, sau da yawa ba ya biyowa ta kotu ko kaɗan. Kamfanin yakan biya kai tsaye ga wanda mamacin ya rubuta sunansa a fom, in yaro ne kuma a miƙa wa mai kula da shi. Saboda haka kana iya duba fayil ɗin kotu kaf ba ka ga komai ba, alhali kuɗin sun fita ta wata ƙofa. Idan diyya ce ta haɗari ko ta kisa, akwai hukunci ko yarjejeniyar sulhu a rubuce. Idan gida ne ko fili ko hannun jari, akwai rajistar da ke nuna sunan mai shi da ranar da ya canja hannu, kuma irin wannan sawun ya fi na tsabar kuɗi daɗewa.

Akwai wani bambanci da nake so ka tsaya a kansa sosai, domin a nan ƙararraki da yawa suke mutuwa. "Na bar wa jikana kaza, uwarsa ta riƙe masa har ya girma" daban yake da "na bar wa 'yata kaza, ina fatan za ta kula da ɗanta da shi". A na farko dukiyar taka ce, mahaifiyarka mai riƙo ce kawai. A na biyu dukiyar tata ce, abin da ke kanta nauyin zuciya ne, wanda kotu da wuya ta tilasta. A bakin dangi duka biyun sukan koma "an bar maka kuɗi". Kada ka gina komai a kan wannan jimlar sai ka ga ainihin kalmomin da aka rubuta, ko ka ji su daga bakin shaidu fiye da ɗaya.

Mataki na 3: Nemi takardun rabon

Je kotun da ke da hurumin gado a yankin da mamacin yake zaune lokacin rasuwarsa, ba inda kai kake zaune ba. Ka ga magatakarda, ka ba shi suna da shekarar rasuwa, ka nemi kwafin da aka buga wa hatimi na waɗannan: wasiyya idan akwai, takardar da ta naɗa mai rabon gadon, jerin dukiyar da aka ƙidaya, lissafin ƙarshe na yadda aka raba, da duk wani umarni da ya naɗa mai kula da dukiyar yaro.

Takardar da ta fi kowacce daraja ita ce rasit ɗin karɓa, wato inda wani ya sa hannu cewa ya karɓi kasonka a madadinka. Ita kaɗai tana amsa tambayoyi biyu daga cikin ukun nan: nawa ne, kuma a hannun wa.

Sauƙin samun waɗannan ya danganta da ƙasa. A Ingila da Wales, da zarar kotu ta tabbatar da wasiyya ta zama takardar da kowa zai iya nema, kuma rajistar ta faro tun 1858, ana bincika ta ta intanet. A Amurka fayil ɗin yana kotun gado ta gundumar da mamacin ya zauna. A Faransa jami'in da ke hatimce takardun gado shi ke riƙe da asalin takardun, doka kuma ta sa ya ajiye su shekara 75. A wasu wuraren sai ka nuna cewa kai magaji ne kafin a buɗe maka fayil, shi ya sa takardar haihuwarka take da amfani.

To, idan rabon bai taɓa zuwa kotu ba fa? Wannan ba ƙarshen hanya ba ne. Nemi wanda ya yi rabon, da shaidun da suka zauna, da sauran magada. Ka tambaye su abin da su suka samu, ba abin da kai ka samu ba, domin mutum ba ya mance nasa. Daga nasu kana iya fitar da naka. Inda aka raba bisa shari'ar Musulunci ma lissafin ya fi sauƙi, tunda kason kowa sananne ne. Matar mamacin da ya bar 'ya'ya tana da ɗaya bisa takwas. In ita kaɗai ce mata kuma ta karɓi 10, ka san abin da aka raba 80 ne bayan biyan bashi da fitar da wasiyya. Daga nan malamin da ya san ilimin gado zai fitar maka da kasonka cikin 'yan mintuna.

Ka fara da tsofaffin mutanen da suka halarci rabon. Wannan ba ya jira.

Mataki na 4: Banki, inshora, da kuɗin da ba a nema ba

A rubuce za ka nema, ba ta waya ba, kuma ka ajiye kwafin wasiƙar da shaidar an karɓa. Idan asusun da sunanka aka buɗe shi, kai ne mai asusun yanzu da ka girma, kana da damar neman bayaninsa. Ka tambayi ranar buɗewa, ainihin sunan da ke kan asusun, wanda ke da ikon sa hannu, bayanin shige da ficen kuɗi tun daga farko, ranar rufewa, da asusun da aka tura ragowar. Wannan na ƙarshen shi ne igiyar da za ta kai ka mataki na gaba. A kamfanin inshora ko na fansho, ka tambayi wanda aka rubuta a matsayin mai amfana, nawa aka biya, yaushe, kuma cikin wane asusu.

Idan kuwa kuɗin sun shiga asusun mahaifinka na kansa, banki ba zai ba ka komai ba sai da yardarsa ko da umarnin kotu. Kada wannan ya sa ka ɗauki wayarsa a ɓoye, ko ka shiga asusunsa da lambar sirrinsa, ko ka kira banki kana kwaikwayon shi. Laifi ne a doka, kuma zai mai da mai gaskiya abin tuhuma.

Lokaci ba ya tare da kai a nan. Ƙa'idar da FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ta shimfiɗa wa ƙasashe ita ce bankuna su ajiye bayanan hada-hada aƙalla shekara 5. Wasu suna ajiyewa fiye da haka, amma kada ka dogara da hakan. In ma'aikacin bankin ya ce "babu", ka nemi a rubuta maka amsar, ka kuma nemi a duba ma'ajiyar tsofaffin bayanai, musamman in bankin ya haɗe da wani ko ya canja suna. Ƙasashe da yawa suna da dokar kare bayanai da ta ba mutum damar neman duk abin da kamfani ya ajiye a kansa. A Tarayyar Turai, tun 2018, wata ɗaya aka ba kamfani ya amsa irin wannan buƙata.

Akwai kuma abin da zuciyar da ta cika da zargi kan mance: mai yiwuwa ba wanda ya taɓa kuɗin. Asusun yara suna yawan ɓata saboda an ƙaura, ko wanda ya buɗe ya rasu, ko an mance da shi kawai. A Birtaniya asusun da ya yi shekara 15 ba motsi ana iya mai da kuɗinsa wata ma'ajiya, amma haƙƙin mai shi bai faɗi ba, kuma akwai shafin My Lost Account na nema kyauta. A Faransa bayan shekara 10 kuɗin sukan koma Caisse des Dépôts, wata ma'ajiyar kuɗi ta gwamnati, ana neman su ta shafin Ciclade, in kuma suka cika shekara 30 ba a nema ba sun zama na gwamnati. A Amurka kowace jiha tana da ofishin dukiyar da ba a nema ba. Ka bincika irin wannan a ƙasarka da sunanka, da sunan mamacin, da sunan mai riƙon. Wanda ya ce ka biya shi kafin ya nuna maka inda kuɗinka suke, ka guje shi.

Ka kuma duba ko akwai bashi da aka ci da sunanka. Wanda ya saba sa hannu a madadin yaro wani lokaci yakan zarce.

Mataki na 5: Yi lissafi, kuma ka yi shi da adalci

Yanzu ka ja layi a takarda daga shekarar da kuɗin suka shigo zuwa yau. A sama ka jera kowace fitar kuɗi da ranarta. A ƙasa ka jera abin da ke faruwa a gidanku a lokacin: shekarar da aka sa ka makaranta mai tsada, shekarar da ka kwanta asibiti, shekarar da mahaifinka ya rasa aiki, shekarar da aka sayi mota ko aka fara gini. Sau da yawa layin biyu da kansu suke ba da labarin.

Ka kasa abin da aka kashe kashi uku: wanda aka kashe a kanka kai tsaye, wanda aka kashe wa gida baki ɗaya kai ma ka amfana, da wanda aka kashe a abin da bai shafe ka ba. Na farko da wuya a kira shi cin amana. Na uku da wuya a kira shi wani abu daban. Gardama tana kan na tsakiya.

Tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce: ci da sha da tufafi da matsugunin yaro, daga aljihun wa za su fito? A dokokin wurare da yawa wannan nauyin iyaye ne, kuma uban da yake da hali ba zai cire shi daga dukiyar yaron ba. A fiƙihun Musulunci kuwa, maganar mafi yawan malamai ita ce yaron da yake da dukiya ana iya ciyar da shi daga dukiyarsa. A Faransa iyaye suna da damar cin amfanin da dukiyar yaro ke samarwa, kamar kuɗin haya, har ya kai shekara 16, amma ba uwar dukiyar ba. Ka ga ke nan amsar "na ciyar da kai da su" tana iya zama hujja a wani wuri, ta zama ba hujja ba a wani. Abin da bai canjawa a ko'ina shi ne dole kashewar ta kasance daidai gwargwado, don amfanin yaron, kuma mai riƙon ya iya nuna ta.

Ga Musulmi, aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta shimfiɗa tsarin gaba ɗaya: a jarraba maraya, in an ga hankalinsa ya kai a miƙa masa dukiyarsa, kada a yi gaggawar cinye ta kafin ya girma, mai riƙon da yake da wadata ya kame, matalauci ya ci gwargwadon buƙata, sannan in an zo miƙawa a kafa shaidu. Aya ta 10 kuma ta kwatanta cin dukiyar maraya da zalunci da cin wuta. Za a iya kawo maka hadisin da ke cewa kai da dukiyarka na mahaifinka ne. Malamai da yawa sun fassara shi a kan uban da yake cikin buƙata, ba a kan mallaka ba, suna kafa hujja da cewa in ɗa ya rasu ya bar ɗa namiji, ɗaya bisa shida kawai uba ke gada. Da dukiyar tasa ce tun asali, da ba a yanka masa kaso ba. Ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, ka faɗa masa komai har da abin da ba ya goyon bayanka.

Ka kuma bar wuri ga asara ta gaskiya. Wanda ya juya kuɗin cikin kasuwanci na hankali don yaron, kasuwa ta faɗi, daban yake da wanda ya zuba su a harkarsa ta kansa. Haka kuma kuɗin da aka ajiye shekara 15 ba a juya ba, darajarsu ta zaizaye, wannan sakaci ne mai yiwuwa, amma ba sata ba ne.

Sai batun kuɗin da aka cakuɗa. Mutane sukan ɗauka cewa da zarar kuɗin yaro sun shiga asusun uba sun gauraya, shi ke nan, ruwa ya shiga ruwa. A dokar Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta ba haka ba ne. Tun shari'ar Hallett ta 1880 kotu ta ɗauka cewa mai riƙon amana nasa yake fara kashewa, abin da ya rage na mai amanar ne. A ce naka 500 ne, nasa 300, aka haɗa suka zama 800, ya fitar da 300 ya kashe: ragowar 500 naka ne. Amma akwai iyaka, wadda wata shari'a ta 1915 ta kafa. In asusun ya taɓa sauka zuwa 50, daga baya ya zuba nasa ya koma 900, abin da za ka nuna a cikin asusun ka ce naka ne 50 ne kawai. Sauran 450 bashi ne a kansa, za ka bi shi kamar kowane mai bin bashi. Shi ya sa ake son bayanin asusu na kowane wata, ba na farko da na ƙarshe kaɗai ba.

Idan kuma da kuɗinka aka sayi kadara, kana iya bin su cikin kadarar. Hukuncin kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokacin a shari'ar Foskett, a shekarar 2000, ya tabbatar da cewa mai amanar yana iya neman kasonsa na kadarar gwargwadon abin da kuɗinsa suka biya. In rabin kuɗin gidan naka ne, rabin gidan kake nema da darajarsa ta yau, ba adadin da aka ɗauka a wancan lokacin ba. Wannan bambancin yakan fi kuɗin asalin yawa, don haka ka duba rajistar filaye ka ga ranar saye da sunan da aka sa.

Mataki na 6: Ka ga lauya kafin ka buɗe magana a gida

Dalili ɗaya ne ya sa na sa wannan gaba da zama da iyaye: wa'adin shigar da ƙara. Galibi agogon ba ya fara tafiya sai yaro ya kai shekarun girma, wato 18 a yawancin ƙasashe, amma daga nan yana gudu. A Faransa shekara 5 ce daga ranar da ka girma. A Ingila, dokar 1980 ta ba da shekara 6 a kan saɓa amana, amma ba ta sa wa'adi ba inda akwai zamba ko inda dukiyar tana hannun mai riƙon har yanzu, kuma in an ɓoye maka gaskiya da gangan agogon yana jira har ka gano. A Amurka kowace jiha da nata. Saboda haka ka rubuta ranar da ka fara jin labarin da yadda ka ji shi, wata rana tana iya zama ita ce hujjar da za ta buɗe maka ƙofar kotu.

Ka nemi lauyan da ya saba da shari'ar gado da amana. Ka je masa da littafinka da takardunka a jere, ka yi masa tambayoyi huɗu: dukiyar tawa ce a doka, wa'adi ya wuce ko da saura, wace takarda ce kotu kaɗai za ta iya fitarwa, kuma me shari'ar za ta ci idan aka kwatanta da abin da ake nema. In ba ka da halin biya, ka nemi ofishin taimakon shari'a kyauta ko sashen koyar da lauyoyi na jami'a. In lissafin ya yi yawa, akanta zai fi lauya saurin warware shi. Ganin lauya ba shigar da ƙara ba ne, sanin matsayinka ne kawai.

Kafin ka samu wannan shawarar, kada ka sa hannu a kowace takarda da ke cewa ka karɓi haƙƙinka ko ka yafe.

Mataki na 7: Zama da mahaifi ko mahaifiya

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, na san da haka. Ka zaɓi lokacin da ba kowa, ba a gaban ƙannenka ba, ba a gaban kishiya ko surukai ba. Wanda aka kunyata a gaban mutane ba ya faɗin gaskiya, kare kansa yake yi. Ka zo da tambaya, ba da hukunci ba:

"Baba, akwai maganar da ta daɗe tana damuna, na ga gara in ji daga bakinku da in ji a waje. Na ga takardar da ta nuna kun karɓar mini kason da marigayiya ta bari. Ba ina tuhumarku ba ne. Ina so ne ku zaunar da ni ku nuna mini yadda aka yi da shi, don zuciyata ta huta."

Sai ka yi shiru ka saurara. Kada ka fito da duk abin da ka sani a zaman farko. Bari ya ba da nasa bayanin, daga baya ka gwada shi da takardu. Mai yiwuwa ka ji abin da ba ka taɓa sani ba: bashin da mamacin ya bari, ko ciwon da ka yi kana jariri, ko shekarun da kuɗin nan ne kaɗai suka hana a kore ku daga gida. Mai yiwuwa kuma ka ji "Ni za ka tuhuma, bayan duk abin da na yi maka?" In haka ta faru kada ka biye. Ka ce, "Ban mance da ko ɗaya ba, Baba. Lissafin kawai nake roƙo." Ka tashi cikin ladabi.

Bayan zaman ka rubuta abin da aka faɗa da ranar. In ya amsa cewa ya karɓa, ka aika masa saƙo mai laushi da ke maimaita maganar, domin amsarsa a rubuce tana da nauyi. Kada ka naɗi murya a ɓoye sai ka tambayi lauya, domin a wasu wuraren haramun ne a doka.

In zaman farko bai yi ba, ka nemi babban da yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko malaminsa, ya shiga tsakani. Ka tuna kuma cewa a ƙa'idar amana, da zarar an tabbatar mutum ya karɓa, shi ne zai nuna inda ya kai. Ba kai ne za ka tabbatar da kowace fitar kuɗi ba.

Mataki na 8: Zaɓi abin da za ka yi da abin da ka gano

Hanyoyi huɗu ne: ka yafe, ku yi sulhu, ka kai ƙarar neman haƙƙi, ko ka kai ƙarar laifi. Ta ƙarshen ita ce mafi tsanani, da wuya ta dawo da kuɗi, kuma da zarar ta shiga hannun hukuma ba lallai ka iya janye ta ba. A ƙarar neman haƙƙi kana iya fara roƙon kotu ta tilasta a ba da lissafi kawai, ka ga abin da ya fito kafin ka nemi biya. Ka kuma tambayi kanka ko akwai abin da za a biya da shi. Hukunci a kan wanda ba shi da komai takarda ce kawai.

Idan ka zaɓi yafewa, babu wanda ya isa ya ce ka yi wauta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma ka yafe bayan ka sani, ba don an rufe maka baki ba, kuma naka kaɗai za ka iya yafewa. In kana da ƙanne da kasonsu yake hannu ɗaya da naka kuma ba su girma ba, wannan ba naka ba ne da za ka bari. Ka nemi a ware nasu a asusun da ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu ko da izinin kotu, in ya ƙi kuma kotu tana da ikon canja mai riƙon.

Idan sulhu ne, a rubuta shi. Takardar ta faɗi adadin da aka amince an karɓa, abin da aka amince an kashe a kanka, abin da ya rage, yadda za a biya da ranakun biya, da abin da zai faru in an saɓa. In da kadara za a biya, a canja sunan a rajista yanzu, kada a bar shi a kan "in na mutu gidan naka ne", domin ranar nan sauran magada za su ce gado ne, kuma ba wanda zai tashi ya yi maka shaida. In bashi ne za a biya a hankali, a rubuta shi a matsayin bashi, tunda bashi ake fara fitarwa kafin a raba gado. Ku sa hannu ku biyu, shaidu biyu waɗanda ba su da kaso a ciki su sa nasu, lauya ya duba kafin a sa hannun, kowa kuma ya tafi da kwafinsa.